Yadda ake girka kompaila a Windows a gina wxWidgets daga tushe

Mai koyon C++ yakan daɗe yana fama da baƙin allo da fararen haruffa. Ranar da ya so manhajarsa ta fito da taga, da maɓallan dannawa, da wurin shigar da rubutu, sai ya tarar harshen shi kaɗai bai tanadi wannan ba. Sai an nemo laburaren da zai riƙa magana da Windows a madadinsa. Ɗaya daga cikin tsofaffin da har yanzu suke da ƙarfinsu shi ne wxWidgets, wanda Julian Smart ya fara a Jami'ar Edinbara a 1992. Da can sunansa wxWindows, a 2004 aka sauya. Da shi aka gina Audacity da FileZilla da KiCad da Code::Blocks. Abin da ya bambanta shi da wasu takwarorinsa shi ne ba ya zana maɓallansa da kansa, na tsarin da yake kai yake arowa: na Windows a Windows, na GTK a Linux, na Cocoa a macOS. Shi ya sa manhajar da aka yi da shi ba ta zama bare a duk inda ta je.

Wani zai ce ai akwai ginanne, me ya kai mutum ga wahalar gini? Gaskiya ne akwai, kuma in gwaji kawai kake so ka yi na yini ɗaya, ɗauki ginannen ka huta. Amma wanda yake son fayil ɗin exe guda ɗaya da zai miƙa wa mutane ba tare da rakiyar tarin DLL (fayilolin laburare da ke zama daban da manhaja) ba, ko yake son bin sawun kuskure har cikin laburaren, ko yake son ya kashe wani sashe ya kunna wani, to ba makawa sai ya gina nasa daga tushe, wato ainihin rubutun C++ na laburaren.

Kafin mu taɓa komai, ga ƙa'idar da duk aikin ya rataya a kanta: kompailar (manhajar da ke mayar da rubutun C++ abin da kwamfuta ke iya kunnawa) da ta gina laburaren ita ce za ta gina manhajarka, a muhalli ɗaya, da zaɓuɓɓuka iri ɗaya. Galibin saƙonnin kuskure masu tsawon gaske da ke tsorata sababbin shiga daga saɓa wannan suke fitowa. C++ ba shi da tsari guda da dukkan kompailoli suka amince da shi wajen sanya wa ayyuka suna a cikin fayil ɗin da aka riga aka gina. Abin da kompailar Visual C++ ta gina, kompailar GCC ba ta gane sunayensa. Na 32-bit ba ya shiga na 64-bit. Ka riƙe wannan, za mu yi ta karo da shi har ƙarshe.

Girka MSYS2

Windows ba ta zuwa da kompaila. Za mu yi amfani da GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, a sigarta ta MinGW-w64 da ke fitar da manhajojin Windows na asali. Hanya mafi tsafta ta samunta ita ce MSYS2, wani muhalli da ke ba ka tagar umarni irin ta Linux da kuma pacman, manhajar sauke kaya da girka su wadda aka aro daga Arch Linux. Kana buƙatar Windows 10 ko 11 mai 64-bit, da sarari na gigabait da dama a faifai, da intanet mai ɗan juriya.

Sauke manhajar girkawa daga shafin msys2.org ka kunna ta. Za ta ba ka shawarar C:\msys64. Bar shi haka. Kada ka kai shi cikin Program Files, kada ka kai shi foldar da sunanta ke da tazara a tsakiya ko haruffa masu ƙugiya irin ƙ da ɗ da ɓ. Kayan aikin da za mu yi amfani da su suna raba kalmomi ne da tazara, don haka sunan folda mai kalma biyu sai su ɗauke shi abu biyu, aikin ya watse a wurin da ba za ka taɓa zargi ba.

Bayan an gama, duba jerin manhajojin Windows. Za ka ga MSYS2 ba ɗaya ba ce: akwai MSYS, akwai MINGW64, akwai UCRT64, akwai CLANG64. A nan gizo ke saƙar. Dukkansu baƙar taga ce iri ɗaya a ido, amma kowacce da kompailarta da laburarenta a folda daban. Wadda ake kira MSYS zalla ta gina kayan aikin MSYS2 ce da kanta, kuma duk abin da aka gina a cikinta ba ya tashi sai da msys-2.0.dll, wanda ba shi a kwamfutar mutanen da za ka ba manhajarka. Tamu ita ce UCRT64. Tana dogara ne da laburaren C na zamani da ke zuwa a cikin Windows 10 da 11, kuma ita masu MSYS2 suke ba da shawara tun 2022. Buɗe ta, ka tabbatar:

```
echo $MSYSTEM
```

In ta amsa UCRT64, madalla. Sai sabuntawa:

```
pacman -Syu
```

A karon farko takan sabunta ginshiƙanta ne kawai, sannan ta ce za ta rufe tagar. Ka amince, ka sake buɗe UCRT64, ka maimaita umarnin har sai ta ce babu sauran abin yi. Daga nan sai kompailar da 'yan rakiyarta:

```
pacman -S --needed base-devel mingw-w64-ucrt-x86_64-toolchain
```

Za ta jero kaya ta tambaye ka wanne kake so. Danna Enter ka kwashe duka. Na farkon, base-devel, shi ke kawo make da ƙananan kayan aikin da gini ke nema. Na biyun shi ne gcc da g++ da gdb da windres da sauransu. Lura da kalmar ucrt a tsakiyar sunan. Duk abin da za ka girka nan gaba don wannan muhallin sai sunansa ya fara da mingw-w64-ucrt-x86_64. In ka rubuta `pacman -S gcc` kawai, za ta girka maka, ba musu, amma ta MSYS ce, ba taka ba.

Gwada kompailar tun kafin a yi nisa

Mutane da yawa suna tsallake wannan, su je su ɓata rabin yini suna zargin wxWidgets alhali kompailar ce ba ta zauna daidai ba. Umarni uku ne:

```
which g++
g++ --version
g++ -dumpmachine
```

Na farko ya ce /ucrt64/bin/g++. Na uku ya ce x86_64-w64-mingw32. Lambar da na biyu ya bayar kuwa, rubuta ta a wani wuri, za ta yi amfani nan gaba. Sannan ka rubuta 'yar manhaja mai layi biyar da ke buga gaisuwa da std::cout, ka gina ta da `g++ sannu.cpp -o sannu.exe`, ka kunna da `./sannu.exe`. In gaisuwar ta fito, kompaila da linka (mai haɗa sassan da aka gina su zama exe) duk lafiya lau.

Sauke tushen wxWidgets

Lambobin wxWidgets suna da ma'ana. In lamba ta biyu cika ce, kamar 3.0 ko 3.2, sigar ta zauna, ba a sauya mata fasali sai gyaran kurakurai. In mara ce, kamar 3.1 ko 3.3, ana kan aiki a kanta. Jerin 3.2 ya fara fitowa a Yulin 2022, kuma shi za mu ɗauka. Zan yi misali da 3.2.8, kai kuma ka sa lambar wadda ka samu mafi sabunta a jerin.

A shafin saukewa za ka ga zip da 7z da tar.bz2. Abin da ke cikinsu ɗaya ne, bambancin kawai yadda aka rufe ƙarshen layuka, biyun farko irin na Windows, na ukun irin na Unix. Tunda da kayan aikin Unix za mu yi gini, ɗauki tar.bz2. Akwai tarko ɗaya a shafin GitHub: a can ƙasa akwai wasu fayiloli biyu masu suna "Source code" waɗanda GitHub ke haɗawa da kansa. Kada ka taɓa su. wxWidgets yana ajiye laburaren wasu mutane da yake amfani da su, irin su zlib da libpng da libjpeg da expat, a ma'ajiyoyi daban, kuma waɗancan fayilolin suna zuwa da foldojinsu wayam. Haka ma in da git za ka ɗauko, sai ka ƙara `--recurse-submodules`, in ba haka ba ramin ɗaya za ka faɗa.

```
mkdir -p /c/gini
cd /c/gini
cp /c/Users/SUNANKA/Downloads/wxWidgets-3.2.8.tar.bz2 .
sha1sum wxWidgets-3.2.8.tar.bz2
tar xf wxWidgets-3.2.8.tar.bz2
```

A MSYS2, faifan C: shi ne /c, kuma sandar raba folda tana kallon gaba ne. Lambar da sha1sum ta fitar ka gwada ta da wadda aka wallafa a shafin sigar. In intanet ta yanke a tsakiyar saukewa, nan za ka gane, ba sai gini ya yi nisa ba.

Shirya gini da configure

Kada ka yi gini a cikin foldar tushen kai tsaye. Buɗe wata folda a cikinta, duk tarkacen gini ya zuba a can. Amfanin haka shi ne in abu ya cakuɗe, sai ka share foldar nan kawai ka sake, tushen yana nan fes. Kuma za ka iya yin gini iri biyu ko uku daga tushe ɗaya ba tare da sun taka juna ba.

```
cd wxWidgets-3.2.8
mkdir gini-static
cd gini-static
../configure --prefix=/c/wx32 --with-msw --disable-shared \
  --disable-precomp-headers \
  --with-zlib=builtin --with-libpng=builtin \
  --with-libjpeg=builtin --with-libtiff=builtin \
  --with-expat=builtin --with-regex=builtin
```

Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, don nan ne ake yanke hukuncin da ba ya sauyuwa sai an sake gini.

`--prefix` shi ne inda laburaren zai koma bayan an gama. Na zaɓi C:\wx32 da gangan maimakon cikin /ucrt64. Foldar /ucrt64 ta pacman ce, ita ke riƙe da lissafin duk abin da ke ciki. In ka zuba naka a can, wata rana za ta zo girka wani abu ta tarar da fayil ɗin da ba ta san da shi ba, ta tsaya cik.

`--disable-shared` shi ne babban zaɓi. Laburare iri biyu ne. Akwai wanda ke zama DLL daban, manhaja ta neme shi lokacin da aka kunna ta. Akwai wanda ake dunƙule abin da ake buƙata daga cikinsa a cikin exe tun wajen gini. Na farko yana da amfani in kana da manhajoji da yawa da za su yi tarayya a laburare ɗaya, ko manhajarka tana karɓar ƙarin sassa da ake jona mata daga waje. Na biyu exe ɗinsa ya fi nauyi, amma shi kaɗai yake tafiya. A ganina mai manhaja ɗaya da yake son rabawa, na biyun ya fi masa kwanciyar hankali, kuma lasisin wxWidgets ya halatta hakan ko da ba za ka saki tushen manhajarka ba, domin an gina shi ne a kan LGPL tare da togaciyar da ta ba da wannan dama.

Jerin `builtin` yana cewa a yi amfani da kwafin zlib da libpng da sauransu da ke cikin tushen. In ba ka faɗa ba, configure za ta leƙa kwamfutarka, in ta ga wani a /ucrt64 sai ta ɗauka. Ginin zai yi kyau, amma ka ɗaura wa laburarenka dogaro da abin da pacman za ta iya sauyawa gobe. `--disable-precomp-headers` kuwa yana ɗan ƙara wa gini lokaci, amma yana kawar da wata hanyar gaggawa da ta saba kawo cikas a MinGW.

configure a Windows tana da nawa, kada ka ɗauka ta maƙale. Ɗaruruwan ƙananan gwaje-gwaje take yi, kowanne sai ta kunna kompaila, kuma Windows ba ta da saurin kunna sababbin ayyuka kamar Linux, balle in manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta tana binciken kowane fayil da aka haifa. In ta kammala, za ta buga taƙaitaccen bayani. Karanta shi da kyau: ya nuna msw, ya nuna ba a haɗa shi a matsayin DLL ba, kuma gaban png da jpeg da tiff da zlib da expat ya ce builtin. In kuwa ta tsaya da kuskure, layin ƙarshe da ta buga ba ya cika faɗin dalili. Buɗe config.log a foldar, ka nemi gwajin da ya faɗi, a nan za ka ga ainihin abin da kompailar ta ce.

Ginin kansa

```
nproc
make -j4 2>&1 | tee gini.log
```

nproc tana faɗa maka ayyuka nawa furosesarka ke iya ɗauka a lokaci guda, lambar da ke gaban -j kuma ita ce adadin fayilolin da za a riƙa ginawa tare. Kada kwaɗayin sauri ya sa ka cika ta. Kowane aiki yana cin nasa rabon RAM, kuma fayilolin C++ ba su da ƙanƙan ci. In RAM ɗinka gigabait 4 ne, tsaya a -j2. In ka ga saƙon "out of memory" daga cc1plus, ka rage lambar ka sake. Tsawon lokacin ya danganta da ƙarfin na'ura, daga 'yan mintoci zuwa fiye da awa guda. Jona kwamfutar da caja, ka hana ta barci.

Gargaɗi zai yi ta wucewa a allo, kalmar warning ba ta da illa a nan. Abin da ke tsayar da aiki shi ne error. To amma in ana gina fayil huɗu tare, wanda ya faɗi yakan faɗi ne sauran ukun suna ci gaba da zuba rubutu, saƙon ya gudu sama. Dabarar ita ce ka sake rubuta `make` ba tare da -j ba. Ba za ta koma farko ba, daga inda aka tsaya za ta ɗora, ta tafi kai tsaye ga fayil ɗin da ya ƙi, ta nuna maka kuskuren shi kaɗai. Kuma kullum kuskure na farko ake karantawa, na bayansa yawanci 'ya'yansa ne.

Haka in kwamfutar ta mutu ana tsakiyar aiki, buɗe UCRT64 ka koma foldar ka sake make. Sai dai wani lokaci fayil ɗin .o da ake cikin rubutawa yakan rage rabi, daga baya a ce maka "file truncated" ko "file format not recognized". Share wannan fayil ɗin da aka ambata kawai, make za ta sake gina shi.

Kafin ka girka, gwada da misalin da ke zuwa da laburaren:

```
cd samples/minimal
make
./minimal.exe
cd ../..
```

In wata 'yar taga ta buɗe da jerin zaɓi a samanta, laburaren ya ginu. Foldar samples ɗin nan taska ce, kusan kowane sashe na wxWidgets yana da misalinsa a ciki, kuma sau da yawa karanta su ya fi karanta bayani saurin fahimtarwa. Sai girkawa:

```
make install
echo 'export PATH=/c/wx32/bin:$PATH' >> ~/.bashrc
source ~/.bashrc
which wx-config
wx-config --version
wx-config --selected-config
```

wx-config ita ce ribar wannan hanyar. 'Yar manhaja ce da ta haddace duk yadda aka gina laburaren, kuma tana faɗa wa kompaila inda komai yake. Tabbatar `which` ta nuna /c/wx32/bin/wx-config. In ka taɓa girka ginannen wxWidgets da pacman, akwai wata wx-config a /ucrt64/bin, kuma duk wadda ta riga zuwa a PATH, wato jerin foldojin da ake neman umarni a cikinsu, ita za ta amsa.

Manhajarka ta farko

Buɗe sabuwar folda a wajen tushen, ka ajiye wannan da sunan gwaji.cpp. Tabbatar editanka yana ajiyewa a tsarin UTF-8.

```
#include <wx/wx.h>

class Taga : public wxFrame {
public:
    Taga() : wxFrame(nullptr, wxID_ANY, "Gwaji") {
        auto* fili = new wxPanel(this);
        auto* maballi = new wxButton(fili, wxID_ANY,
            wxString::FromUTF8("Danna maɓalli"), wxPoint(20, 20));
        maballi->Bind(wxEVT_BUTTON, [](wxCommandEvent&) {
            wxMessageBox(wxString::FromUTF8("Aiki ya ƙare, ɗan'uwa."));
        });
    }
};

class Manhaja : public wxApp {
public:
    bool OnInit() override {
        (new Taga)->Show();
        return true;
    }
};

wxIMPLEMENT_APP(Manhaja);
```

Abu uku a nan suna son bayani. Babu main, layin ƙarshe ne ke samar da mashigar manhajar, in ka manta shi linka za ta ce ba ta ga WinMain ba. Babu delete duk da an yi new sau uku, domin a wxWidgets uwa ce ke share 'ya'yanta: taga na rufuwa za ta tafi da fili, fili ya tafi da maɓalli. Na uku shi ne FromUTF8. In ka miƙa rubutu mai ƙ ko ɗ ko ɓ tsirararsa, laburaren zai fassara shi da tsohon tsarin haruffan da Windows ke kai, sai ka ga wasu baƙaƙe marasa kan gado a kan maɓallin, ko ma rubutun ya ɓace ɗungum. Rubutun da ba shi da ƙugiya, kamar "Gwaji", ba ruwansa da wannan.

Akwai fayil na biyu, ƙarami, gwaji.rc:

```
#define wxUSE_RC_MANIFEST 1
#define wxUSE_DPI_AWARE_MANIFEST 2
#include "wx/msw/wx.rc"
```

Manhajar za ta ginu ko babu shi, amma maɓallanta za su fito da fasalin Windows na shekarun 1990, masu kusurwa da launin toka. Wannan fayil ɗin ne ke sanar da Windows cewa manhajar tana son siga ta 6 ta maɓallanta, wato na zamani, kuma ta san yadda za ta yi da allo mai yawan ɗigo, don kada rubutu ya fito dishi-dishi. Yanzu gini:

```
$(wx-config --rescomp) gwaji.rc -O coff -o gwaji_rc.o
g++ gwaji.cpp gwaji_rc.o $(wx-config --cxxflags) \
  $(wx-config --libs) -static -o gwaji.exe
strip gwaji.exe
./gwaji.exe
```

Jerin yana da muhimmanci. Linka ta GNU tana karatu ne daga hagu zuwa dama, tana tara sunayen da ake nema, in ta iso laburare sai ta ɗebi abin da aka riga aka nema kawai. In ka sa `--libs` kafin gwaji.cpp, za ta wuce laburaren ba ta ɗauki komai ba tunda ba a nemi komai ba tukuna, sannan ta zubo maka ɗaruruwan layukan "undefined reference". Fayilolinka a gaba, laburare a baya.

Rubuta `wx-config --cxxflags` ita kaɗai ka ga abin da take fitarwa. Za ka ga folda biyu ta fayilolin .h. Ɗaya ta gama-gari ce, ɗayar kuma tana ƙarƙashin lib, sunanta ɗauke da msw-unicode-static-3.2, kuma fayil ɗaya tak ke cikinta, wx/setup.h. A cikinsa aka rubuta duk zaɓin da configure ta yi. Shi ya sa saƙon "wx/setup.h: No such file or directory" ya fi kowanne yawa a bakin masu farawa: sun nuna wa kompaila folda ta farko sun manta ta biyu. Wasu sukan magance shi ta hanyar kwafo wani setup.h daga wani wuri su jefa cikin include. Kada ka yi haka. Saƙon zai tafi, amma manhajarka za ta ɗauka laburaren yana da wani fasali alhali da wani aka gina shi. In ka yi sa'a, tana tashi za ta ce "Mismatch between the program and library build versions detected". In ba ka yi sa'a ba, sai ta yi ta mutuwa ba dalili.

In kana buƙatar sashen da ba ya cikin na yau da kullum, sai ka ambace shi, misali `wx-config --libs std,aui`.

Shin zai tashi a kwamfutar wani?

Tashi a cikin tagar UCRT64 ba hujja ba ce, domin a can duk DLL ɗin kompaila suna kusa. Ita `-static` da muka sa aikinta ke nan: ta dunƙule laburaren GCC su ma a cikin exe. Ba don ita ba, manhajar za ta nemi libstdc++-6.dll da libgcc_s_seh-1.dll da libwinpthread-1.dll, waɗanda babu su a Windows ɗin mutane. Duba da idonka:

```
objdump -p gwaji.exe | grep "DLL Name"
```

Abin da ya kamata ka gani na Windows ne kawai: KERNEL32 da USER32 da GDI32 da COMCTL32 da 'yan uwansu, da wasu masu farawa da api-ms-win-crt. In ka ga suna mai farawa da lib ko wx ko msys, akwai sauran aiki. Daga nan ka rufe MSYS2, ka danna exe ɗin sau biyu daga foldarsa kamar kowa.

Wanda ya zaɓi hanyar DLL kuwa, ya kwafi DLL ɗin daga /ucrt64/bin da kuma inda ya girka wxWidgets zuwa gefen exe ɗinsa. Kada ya sauko da su daga shafukan da ke raba DLL ɗai-ɗai. Lambar kuskure 0xc000007b da Windows kan nuna yawanci ma'anarta an haɗa DLL na 32-bit da manhajar 64-bit.

In za ka koma edita mai maɓallin gini

Code::Blocks yana da sigar da ke zuwa da tata MinGW a ciki, kuma ba ita ce ta gina laburarenka ba. Shiga Settings, sannan Compiler, sannan Toolchain executables, ka mayar da foldar zuwa C:\msys64\ucrt64, ka tabbatar sunayen da ke ƙasa sun dace da gcc.exe da g++.exe da ke cikin bin. Wasu manhajojin ma, irin su Strawberry Perl, suna zuwa da tasu gcc su sa ta a PATH. Buɗe cmd ka rubuta `where g++`. In ta jero fiye da ɗaya, ta saman ita ke aiki.

Za ka kuma ci karo da tsofaffin bayanai da ke cewa a shiga build\msw a rubuta `mingw32-make -f makefile.gcc`. Hanya ce ingantacciya, sai dai ta cmd ce, in aka kunna ta inda sh.exe yake a PATH takan rikice, kuma ba ta samar da wx-config, ita tana zuba kayanta ne a lib\gcc_lib ko lib\gcc_dll. Akwai kuma hanyar CMake. Kowacce ka ɗauka za ta kai ka, abin gudu shi ne ka ɗebi setup.h na wannan ka haɗa da laburaren waccan.

Don bin sawun kuskure da gdb har cikin wxWidgets, buɗe folda ta biyu kusa da gini-static, ka maimaita configure da ƙarin `--enable-debug` da wani prefix daban, misali /c/wx32d, sannan ka kira wx-config ɗinsa da cikakken adireshinta duk lokacin da kake son sa. A Linux kuwa matakan nan duka suna nan yadda suke, illa a Debian da Ubuntu za ka girka build-essential da libgtk-3-dev, ka sa `--with-gtk=3` a madadin `--with-msw`, ka bar zancen fayil ɗin rc da `-static`.

Saura lambar g++ da na ce ka rubuta. MSYS2 ba ta tsayawa wuri ɗaya, duk sanda ka yi `pacman -Syu` tana iya ɗaga GCC zuwa sabuwar siga, laburarenka kuwa yana C:\wx32 yadda tsohuwar ta bar shi. Ajiye lambar da cikakken layin configure ɗinka a wani fayil cikin C:\wx32. In lambar farko ta GCC ta sauya, kamar daga 14 zuwa 15, share gini-static da abin da aka girka, ka kwafo layin daga fayil ɗin, ka sake gini, sannan ka sake gina manhajarka gaba ɗaya, har da fayilolin .o da suka kwana.